Takardar da Kaka Ya Sa Na Rubuta

Ƙarar wata algaita ce ta fito daga wayar 'yata, ranar Lahadi da hantsi, muna zaune a falonmu da ke hawa na biyar a unguwar Morris Heights, cikin Bronx a Amurka. Ba ta daɗe da dawowa daga Scotland ba, inda wurin aikinta suka tura ta taro, kuma tun da ta dawo ba ta bar mu mun huta da hotuna ba. Wannan karon bidiyo ne. Wani ƙaramin ƙauye ne a bakin ruwa, ana yayyafi, mutane sun kewaye wani dogon dutse da aka sassaƙa sunaye a jikinsa. Wani mai siket yana busa algaitarsu mai jaka. Da ya tsaya, sai wata tsohuwa ta shiga karanta sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin duniya, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Ban iya kai ƙarshe ba, na miƙa mata wayarta.

Ka ga, kakana ma soja ne. Ya je yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ɗingishi da ƙin jinin shinkafa, don ya ce ya ci rabonsa na duniya a can. Baturen da ke jagorantarsu ɗan Scotland ne, suna ce masa Mai Siket. Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya aka buɗe musu wuta suna tsallake kogi. Mutum tara suka mutu, har da Baturen, kuma ba wanda ya ga kabarinsu.

Kowace shekara, da an yi ruwan farko, Kaka zai sa gwaggona ta soya wainar masa guda tara. Har yau ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da na man gyaɗa. Zai zauna a kan buzunsa a zaure, mu jikoki mu kewaye shi. Sai ya ɗaga guda ɗaya, ya faɗi sunan mutum da na ubansa da garinsu, a yi fatiha, ya miƙa wa yaro ɗaya. In an zo kan Baturen sai ya ce Allah Ya fi mu saninsa, amma masarsa ba ta taɓa yin fashi ba. Mu kuwa, gaskiya, masar muke kallo.

Shekarar da nake aji huɗu, Kaka ya maƙale a kan na shida. Ya riƙe masar yana motsa baki, har ta huce sannan sunan ya zo masa. Washegari bayan la'asar ya kira ni.

"Ɗan boko, ɗauko alƙalaminka. Kan nan nawa ya fara yoyo."

A waje abokaina suna ta buga ƙwallo a jikin bango, muna da wasa da 'yan wata unguwa. Biyun farko na rubuta su daidai, don sunaye ne irin namu. Na uku ɗan ƙabilar Tibi ne, sunan ya ƙi zama a bakina balle a takarda. Ni kuwa a gidan nan ana ganin ba abin da ya gagari alƙalamina, kunya ta hana ni cewa ya maimaita. Sai na rubuta abin da hannuna ya saba da shi, ranakun mako da Turanci. Kaka yana kiran mutum da ubansa da garinsu, ni ina sa rana guda ina jan layi, har muka gama bakwai ɗin da suka rage.

Kaka bai iya karatun boko ba. Ya shafa takardar, ya sa mini albarka, ya ce ashe dai makarantar tana da rana. Ya kai wa baduku aka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya. Daga shekarar nan ya daina wahalar da kansa. In an kawo masar sai ya ɗora fatar a gefen faifai, ya kira waɗanda suka zo masa, sauran ya ce suna nan ciki. Damina biyu ya ƙara a duniya, kuma a cikinsu da na yi magana da an gyara. Ba bulala nake tsoro ba. Kallon da yake mini ne ba na so ya canza.

Da zan taho Amurka gwaggo ta danƙa mini fatar, ta ce ai ni ne mai ita. Na sha ba 'ya'yana labarin masa da kogin, amma ranakun mako ban taɓa ambata su ba. Yanzu gwaggo ta rasu, zauren an mai da shi shagon cajin waya, jikokin da muka ci masar kowa ya kama gabansa. Mutanen ƙauyen can sun ba dutse amanar matattunsu. Kaka shi jikansa ya ba, kuma baƙin cikin wannan bai taɓa barina ba.

'Yata ta ajiye wayar ta ce, "Baba, mu ma ai muna da list. Ka buɗe ta mana, please. Sai in sa a zana sunayen a ƙarfe mu kai gida."

Na so in ce a bari sai wata rana, amma na gaji da wata rana. Na ɗauko fatar da reza, na farke ɗinkin, na miƙa mata. Ta karanta biyun farko a fili da Hausarta ta Bronx, sannan ta bi sauran layukan da yatsa.

"Baba, wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Hannuna ne."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To sauran bakwai ɗin, wa ya san su yanzu?"

Na ce mata babu kowa.