Koren keken da na zaɓa

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa na samu aikin masinja a ofishin gona na Batsari. Aikina kai takardu ƙauyuka, har Wagini, don haka dole in nemi keke. A lokacin kekuna masu giyar canza gudu sun shigo, amma yashin hanyoyinmu ba ya barinsu lafiya. Duk mai hankali cire giyar yake yi, a bar sarƙa a kan faifai ɗaya.

Ranar kasuwa wani dillali daga Katsina ya kawo kekuna na hannu guda biyu. Ɗaya baƙi, fenti duk ya goge. Ɗaya kore, yana sheƙi, da giya biyar. Na kira mai gyaran keke na gindin tsamiya ya duba mini. Abokin babban wana ne, Yaya nake ce masa.

Ko sirdi bai kalla ba. Ya tsuguna a bayan kowanne, ya sa yatsa a tsagar da ƙarfen tayar baya yake shiga.

"Ɗauki baƙin, ƙanena," ya ce. "Tsagarsa doguwa ce. In sarƙa ta saki, sai a ja taya baya. Koren nan ba shi da wurin ja."

"Yaya, wannan da ya yi kama da wanda aka tono daga rijiya?"

"Malam masinja, fenti za ka hau ko ƙarfe?"

Dillalin ya yi dariya, ya ɓara goro ya miƙa masa rabi. Wannan goron ne ya ɓata mini zuciya. Na ce a raina sun san juna, sun shirya a liƙa mini tsohon, Yaya ya kwashe koren. Na tuna har sau biyu ya shafa ƙahon koren. Na sayi koren.

Na miƙa wa Yaya shi. Ya cire giyar, ya rage sarƙa, ya ɗaure abin da ya cire da waya ya rataye a reshen tsamiya. Ashe haka yake yi da kayan kowa, har mai su ya tambaya. Ni kuwa sai na ga kamar ya baje su ne don masu saye.

Cikin mako biyu sarƙa ta fara zamewa. Kafin in kai Wagini sai na sauka sau biyar, hannu duk baƙin mai, takardun ofis ma haka. Na koma masa, ya ce ai ya faɗa mini. Ban ji haka ba. Abin da na ji shi ne da gangan ya ɓata aikin don in gaji in sayar masa.

A teburin mai shayi na faɗa, na kuma faɗa a ƙofar ofis: mutumin nan yana cire kayan mutane ya rataye, a kula. Ban ce ɓarawo ba, amma na bar wasu suka ce, ban hana ba. Mutane suka riƙa tura kekunansu su wuce tsamiyar. Kafin kaka ya kwashe sifanoninsa ya koma Runka.

Wata rana sarƙar ta faɗi a Safana, na kai wa wani mai gyara da bai san ni ba. Ya tsuguna, ya sa yatsa a wurin nan dai.

"Wa ya ba ka shawarar cire wa wannan giya? Ai ba shi da wurin ja."

Damina biyu na yi ina cewa gobe zan je Runka. Da na je, na same shi a rumfar kara, keke ɗaya tak a gabansa. Muka gaisa, ya tambayi wana da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na fara magana, bai jira na gama ba. Ya miƙe ya sauko da ƙullin giyar kekena, wayar ta yi tsatsa.

"Kayanka ne, ƙanena. Ba ka tambaya ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana duka.

Bai dawo Batsari ba har ya rasu. Ni kuma na ci gaba da zama a teburin mai shayin nan shekara da shekaru, ban taɓa buɗe baki na ce ƙarya na yi masa ba. Yau na faɗa, bayan masu jin na farko duk sun tafi.