Jakar da na rataya wa baƙon Amurka

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Mun tashi da asuba daga unguwar Abu Hail, ni da babban ɗana, kwana uku da saukata Dubai ganin likitan ido. Titi sumul, ba rami, ba mai zagin wani, har na ji kewar gida. A hanya na karya da shayi mai kauri da wata gurasa mai laushin tsumma. Ɗan nawa sabon ma'aikaci ne a wani filin golf, ba a ma tabbatar da shi ba, kuma ranar suna da babban baƙo daga Amurka.

"Baba, don Allah kallo kawai."

Na ce ni zai koya wa golf, ni da na yi wa Turawa dakon jaka a filin Kano tun uwarsa na goye?

Da shigarmu na hango Bature na fama da jakar sanduna, ga wani baƙin dattijo a gefensa, hannu cikin aljihu. A zamaninmu ɗan dako irin wannan korarsa za a yi. Na karɓi jakar na rataya wa dattijon, na ce masa ya yi sauri da Turancina na aji huɗu.

Manajan filin, wani Balarabe, bai dube ni ba, sai ya zuba wa ɗana ido.

"Baba, shi ne baƙon," in ji ɗana. Ashe dattijon yana cikin baƙaƙen fata na farko da aka bari suka shiga gasar golf a ƙasarsu. A mota yake cin abinci lokacin, don an hana shi zauren 'yan wasa. In aikin ɗana ya tafi, biza ta tafi, ga mata ga yara.

Dattijon bai sauke jakar ba. Ya ɗauke ta har inda ake fara bugu, muna binsa kamar masu rakiyar gawa. Na ce a ba shi haƙuri, haka muka saba gani. Ya yi wata magana gajeriya, sannan ya dafa kafaɗar ɗana ya ce wa manajan a bar zancen. Manajan ya ce khalas, wato magana ta ƙare.

Aiki ya tsira. Sai ranar komawata Kano, a filin jirgi, na matsa wa ɗana ya fassara mini abin da dattijon ya ce.

"Cewa ya yi, Baba, waɗanda suka hana shi shiga ma haka suka ce."