Yaƙin da Badamasi Ya Ƙi Ci

Duk wanda mukayyif ɗinsa ya taɓa mutuwa da rani a unguwar Mansur ya san Badamasi. Mukayyif dai shi ne injin sanyaya ɗaki, kuma a Makka ranar da ya tsaya, zaman gida ya gagara. Badamasi mutumin Funtuwa ne, dogo, gemu duk furfura. Ya zo Umra yana ɗan shekara ashirin da bakwai, ya ga aiki ya zauna, har wani tsohon Balarabe ya tsaya masa aka yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya ƙarya a kan aiki. In inji ya mutu zai ce maka ya mutu. In waya ce kawai ta tsinke zai ɗaura, ya ce ka ba shi na shayi. Wasu masu gadin gidaje har haushinsa suke ji, don ba a iya haɗa baki da shi a yagi mai gida.

Matarsa Mairama ta rasu tun da jimawa, 'yarsu ɗaya tana aure a Jidda. Shi kuwa yana wani ɗaki a saman bene, hawa huɗu, shi da kayan aikinsa. Abokan da suka zo tare duk an kwashe su ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kama ba takarda a mayar da shi gida. Badamasi ya haddace yadda abin yake tafiya. Da farko mutum zai kira duk mako, sannan duk wata, sannan sai da Sallah, daga nan ka buga a ce layin ba ya aiki. Lambobi irin waɗannan sun fi ashirin a wayarsa, kuma bai goge ko ɗaya ba.

A shekarar 2010, bayan alhazai sun watse, yana wanke mukayyif a wani gidan haya a Aziziyya, uwar mai gidan ta miƙo masa kwali ta ce ya jefar mata. Ɗanta ne ya zo da shi daga karatu a waje, ita kuma ta ce ba za ta kwana da gumaka ba. Da Badamasi ya buɗe a ɗaki, sai ga 'yan sojoji kamar babban yatsa, sanye da sulke shuɗi, kowa da ƙatuwar bindiga. A ƙarƙashinsu ga wata rundunar, wasu halittu masu ƙafa shida kamar fari, da wata ƙatuwa a cikinsu mai fukafukai. Akwai littafi na Turanci mai bayanin wasan, wai nan da dubban shekaru ne, mutane da waɗannan halittu suna yaƙi a wata duniya can bayan taurari. Aji uku ya yi a sakandare, amma haka ya bi littafin nan da yatsa wata huɗu har ya gane.

Bai fara ba sai da ya tambayi wani malami ɗan Zariya da ke karatu a garin. Malamin ya jujjuya soja ɗaya, ya ga ba ido ba baki, hular ƙarfe ta rufe komai, ya ce to, wannan dai da sauƙi. Amma 'yan ƙwayoyin nan masu ɗigo-ɗigo irin na lido, waɗanda ake jefawa a ga ko harbi ya samu, ya ce a raba shi da su. Badamasi bai yi musu ba. Ya sayi dabino ya ci guda shida, ya wanke ƙwallayen ya shanya, ya ɗiga musu alama da bakin ƙarfen walda, ɗaya zuwa shida, ya zuba a tsohuwar hula. Sai ka sa hannu ba ka gani, abin da ka ciro shi ne rabonka.

Filin yaƙin kuwa, ƙofar katako ce ya kwantar a kan matattun mukayyif biyu. Ya zuba yashi, ya kafa tsohuwar kwamfuresa da ya cire daga mukayyif ta zama hasumiya, ya lanƙwasa bututun tagulla ya zama gada. Da tef ɗin aikinsa yake auna tafiyar kowane soja. Shekara guda yana yi shi kaɗai, ya zauna nan ya yi wa sojoji tunani, ya zagaya can ya yi wa fari tunani. Ba daɗi wallahi. Ta yaya mutum zai yi wa kansa kwanton ɓauna?

Sai Allah ya kawo Awwalu. Mai dafa shinkafa ne a wani gidan abinci a Mansur, ɗan wajen shekara arba'in, lokacin Hajji kuma ya tafi Arfa girkin alhazai. A Makka aka haife shi, amma ba shi da takarda, don ubansa ma ba shi da ita. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya hau benen ne yana faɗa a kan firjin gidan abincin, sai ya ga tebur. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

“Mu'allim! Da gemunka? Wasan yara kake?”

“Zauna ka riƙe farin nan mu ga yaron,” in ji Badamasi.

Har aka kira magariba Awwalu na nan yana rantsuwa cewa tef ɗin Badamasi ya fi tsawo in sojojinsa ne za su yi tafiya. Firji kuwa sai washegari aka tuna da shi. Daga ranar, kowace Juma'a suna kan teburin nan, Badamasi da sojoji, Awwalu da fari, ga shayi a gefe yana hucewa. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda shugaban rundunarsa ya faɗi, an ci shi. Shekara guda da rabi suka yi a haka, kuma Badamasi bai taɓa jin Makka ta yi masa daɗi kamar lokacin ba.

Ƙarshen 2013 aka tsananta binciken takardu. Wata Talata Awwalu ya shiga mota zuwa Aziziyya, aka tsayar da motar, shi ke nan. Sun bar yaƙi a tsakiya, fari sun kewaye hasumiya, sojoji suna kan gada. Badamasi ya ɗauko zanin gado ya rufe teburin. Mako biyar yana cin abinci a tsaye, don ba ya son zama kusa da shi.

Wata ranar Juma'a waya ta yi ƙara, lambar Najeriya. Awwalu ne, daga Kano, garin da bai taɓa gani ba sai da jirgi ya sauke shi. Yana gidan wani kawunsa a Kurna, yara na bin sa suna ce masa Balarabe. Ko gaisawa ba su gama ba ya ce, “Mu'allim, ka taɓa teburin?”

“Ban taɓa ba.”

“To yalla, buɗe. Ni ne da tafiya.”

Haka suka ci gaba. Makka na idar da magariba, Kano na idar da la'asar, sai waya. Badamasi ya ɗauki hoton tebur ya tura, Awwalu ya duba ya ce a matsar masa da fari uku bayan kwamfuresa, Badamasi ya auna da tef ya matsar. Awwalu ya yi nasa ƙwallayen dabinon a can. Kowa ya sa hannu a hularsa ya faɗi abin da ya ciro, ɗayan ya yarda, don ba mai ganin hannun wani. Saboda tsadar kira suka ce tafiya ɗaya kowa a mako. Yaƙin da ake gamawa a yammaci guda sai ya zama na shekara da watanni. Kuma a tsakanin harbi da harbi ake hira. Awwalu ya ce tuwo ya ishe shi, ya tambayi wa ya mutu a unguwa, wa aka kama. Badamasi kuwa tun daga Laraba yake fara tunanin inda zai ajiye soja.

Sannu a hankali fari suka ƙare. A tsakiyar 2015 saura ƙanana huɗu da Uwar Fari, babbar nan mai fukafukai, shugabar rundunar Awwalu, ita ma rai ɗaya ya rage mata. Wani maharbin Badamasi yana kan gadar tagulla yana kallonta sarai. Uku kawai yake buƙata, ko abin da ya fi uku, yaƙi ya ƙare.

Ya sa hannu a hula, ya ciro biyar.

Ya tsaya yana kallon ƙwallon a tafinsa. Kwanakin nan kiran Awwalu ya fara gajarta. Ana jin ƙarar tukwane a bayansa, ana jin mutane na kiran sunansa, kuma sau biyu ya ambaci wata Hajara. Badamasi ya san hanyar nan, ya ga mutum ashirin sun bi ta. Teburin nan ne kaɗai ya riƙe Awwalu shekara da rabi. In Uwar Fari ta faɗi yau, me zai sa a kira shi Juma'a mai zuwa? Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun rasuwar Mairama.

“Mu'allim, nawa?”

“Biyu,” in ji Badamasi.

Awwalu ya yi ihu a Kano, ya ce Allah na tare da fari. Badamasi ya mayar da ƙwallon hula.

To ka ji fa. Mutumin da ya ƙi yi wa attajiran Aziziyya ƙarya a kan inji, ga shi yana yi wa amininsa ƙarya a kan ƙwallon dabino. Kuma ba sau ɗaya ba. Juma'a ta gaba ya ciro huɗu ya ce ɗaya. Ta gaba ya ciro shida ya ce biyu. Farin Awwalu suka cinye masa sojoji uku yana kallo, yana ma jin daɗi. Bayan kowace waya sai ya zauna yana istigfari, ya ce wannan ce ta ƙarshe, Juma'a ta zagayo ya sake. Kunya ta ishe shi har ya daina kallon malamin nan ɗan Zariya ido da ido in sun haɗu a hanya. Juma'a goma sha ɗaya aka yi a haka.

A ta goma sha biyu, Awwalu bai ce a turo hoto ba. Ya ce ya buɗe nasa gidan abincin, shinkafar Larabawa yake yi, Kanawa sun karɓe ta hannu biyu, kuma Juma'a da yamma ce ranar da ko zama ba ya yi. Ya ce an sa ranarsu da Hajara bayan Babbar Sallah. Badamasi ya yi masa murna, da gaske kuma ya yi. Sai Awwalu ya jefo masa tambaya.

“Mu'allim, ɗaya da biyu, ɗaya da biyu, wata uku. Ko hular taka ce ta cinye sauran?”

Awwalu bai jira amsa ba.

“Tun ta huɗu na gane. Na ƙyale ne don ni ma lokacin ba ni da kowa a garin nan sai kai. Amma yanzu ba zan iya Juma'a ba, wallahi ba zan iya ba. Kuma ba na so in bar ka da tebur a rufe kana jirana kamar wancan karon. Sa hannu, Mu'allim. Abin da ka gani ka faɗa mini.”

Badamasi ya sa hannu. Ya daɗe yana juya ƙwallayen, kamar yatsa na iya zaɓe. Ya ciro.

“Shida.”

“Mabruk, ka ci,” in ji Awwalu. “Kwantar mini da ita a hankali, kar fukafukin ya karye. Zan riƙa kira, ka ji? Wallahi zan riƙa kira.”

“Na sani,” in ji Badamasi. Ya kwantar da Uwar Fari a kan yashi.

Kuma Awwalu ya kira, kar a ɗauki alhakinsa. Ya kira ranar ɗaurin aure, ya kira da aka yi haihuwa, yana kira da Sallah. Badamasi bai taɓa ganin laifinsa ba, mutum ya samu rayuwa ai sai a taya shi murna. Shi dai yana nan yana hawa benayen Mansur da jakar aiki, gwiwa ta fara ciwo, har yanzu in waya ce ta tsinke waya zai ce maka.

Teburin bai naɗe shi ba. Wata Juma'a bayan magariba ya dawo daga masallaci, ya dafa shayi, ya ga ya zuba kofi biyu. Ya ajiye waya a gefen yashi inda ya saba ajiye ta. Ya tayar da Uwar Fari ya tsayar da ita bayan kwamfuresa, ya ja tef daga gada ya auna, ko da yake ya san nisan da ka. Sannan ya sa hannu a hula ya ciro.

Ɗaya ce, ta gaskiya wannan karon. Har ya miƙa hannu zai ɗauki waya, sai ya tuna a Kano yanzu ake layin shinkafa. Ya zauna da ƙwallon a hannu har aka kira isha'i.