Birkin da Na Ƙi Gyarawa Sai a Gwiwa

Kazaure

Ana sallame Asuba na tura keke waje. Irin na hawan duwatsu ne da ɗana ya aiko mini, birkinsa ba na roba a jikin wili ba, wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya. Mako biyu faifan gaba yana gugar robobinsa, shiit, shiit, kuma da gangan na ƙi kai shi gyara.

Dalili kuwa Bulus ne, mai gyaran keke, mutumin kudancin Kaduna da ya tsufa a Gwiwa. Tun ina malamin gona a can muke tare, kuma ban taɓa zuwa rumfarsa da lafiyayyen keke ba. Ko ba abin da ya lalace sai na sassauta wani noti, ya gane, ya yi kamar bai gane ba, mu wuni muna gardama. Ranar nan zai koma gida gaba ɗaya, motar kayansa za ta tashi bayan Azahar. Na ce kekena ne zai zama aikinsa na ƙarshe.

“Malam, ka hau acaɓa mana,” in ji maiɗakina.

“In je wurin Bulus a kan babur? Ai sai ya kore ni.”

Roni

Ban miƙe Gwiwa ba, na ratse ta Roni don in yi masa guzurin ƙuli-ƙulin Inna Laure, wanda yake so kamar ransa. Tuƙa keken da birkinsa ke kamawa kamar jan akuyar da ta san kasuwa za a kai ta ne. A shingen hanya wani ɗan sanda ya ce, “Baba, tun daga nesa muke jin ka, mun zaci mai wasa wuƙa ne.” Na yi dariyar yaƙe. Sai da hantsi ya dubi ludayi na isa, rigata sharkaf.

Na tarar Inna Laure tana matsar tunkuza. Muka gaisa, ta juya tayar keken da hannunta, ta saurara.

“Ɗan nan, duk abin da ke kuka mai yake so. Injin markaɗena ma haka nake yi masa.”

Ni ma abin da na sani ke nan tun zamanin kekunanmu na da. Ta tsoma gashin kaza a man gyaɗa mai ɗumi ta shafe faifan gaba, ta ce kada na baya ya yi fushi, ta shafe shi shi ma. Kukan ya ragu. Har godiya na yi mata.

Hanyar Gwiwa

Bayan gari akwai gangara mai tsakuwa tsakanin duwatsu. Shanu na tsallakawa a ƙasa, na matse birki. Wayam! Na matse duka biyun har yatsuna suka yi ƙara, keke sai ƙara gudu yake. Na karkata cikin gonar gero, na ji ni a ƙasa, ƙuli-ƙuli ya watse a kunya. Wani Bafulatani ya ɗaga ni yana ta sannu, ya taya ni tsincewa. Gwiwata ta kumbura, ga shi Gwiwar ban kai ba. Daga nan da ƙafa na tura, ina ɗingishi, ba babur ɗin da ya yarda ya ɗauke ni da keke a wannan hanya.

Waya ta yi ƙara.

“Malam, kana ina? Direba ya ce tafiyar da nisa, ba zai ƙara jira ba.”

“Ga ni nan tafe, Bulus. Ka roƙe shi.”

“Na roƙa har ya fara zagina.”

Gwiwa

Ana kiran La’asar na shiga gari. Rumfar tana nan, benci babu, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Mai shayin gefe ya miƙo mini wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na kwance noti, ya ce Bulus ya bar mini. Na zauna a dandaryar ƙasa na kira shi, na ba shi labarin man gyaɗa. Ya yi dariya har da tari.

“Miya ka ɗauke shi? Robobin nan sun mutu, sai sabbi. Faifan ka wanke shi tas da omo. In ka sa sabbin, sassauta notuna biyun nan da ke riƙe da birkin, ka matse birki, kana riƙe ka ɗaure su. Shi ke nan fa, Malam.”

“Shi ke nan?”

“Ai ka sani. Ni kake so in yi.”

Wallahi na ji ciwon abin nan fiye da faɗuwar. Da na ji maganar maiɗakina, da mun yi sallama hannu da hannu.

Komawa

A motar haya na dawo, keke ɗaure a but, ƙuli-ƙuli a cinyata. Na gode wa Allah da ya maido ni da ƙafafuna, na gode wa Bafulatanin nan da ban tambayi sunansa ba, har da Inna Laure, don ba mugunta ta nufa ba.

Robobin sun iso daga Kano, na yi yadda Bulus ya ce da ƙarfen da ya bar mini. Na juya taya, ko ƙis. Yanzu keken lafiya lau yake, ban kuma da wurin da zan kai shi.