Gonar Namadi da Shanun Lauwali

Namadi ɗan Na'Allah mutumin Jabo ne. Shekara goma sha tara ina aikin akawu a sashen noma a Tambuwal, ban haɗu da manomin da ya gajiyar da ni kamarsa ba. Ba shi da faɗa, ba shi da ƙarya. Sai dai ka gama yi masa bayani ya tafi ya yi abin da ya ga ubansa na yi.

Bai san shekarar haihuwarsa ba, a takarda na sa masa sittin da biyar. Yana saurayi ya yi dako a Sakkwato rani uku, ya dawo gida da ubansa ya rasu. Gadonsa gona ɗaya ce da irin geron da Na'Allah ya bari. Kowace kaka shi da kansa yake zaɓen zangarniyar iri, ko 'ya'yansa ba sa taɓawa. Wuta-wuta ce ta sa gonar ta yi suna. Ciyawar nan takan cinye geron maƙwabtansa, nasa kuwa sai ɗai-ɗai.

A watan Yuni na 2022 wata mai bincike daga jami'a, Dakta Mu'minatu, ta zo da tallafin shekara biyu. Tana son ta gano ko sirrin yana cikin irin ne, ko cikin ƙananan halittun ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Ta kawo ƙaramin jirgi marar matuƙi yana ɗaukar hoton geron kowane mako, ana auna tsawonsa da launin ganyensa. Ta ɗebi ƙasa a ƙananan kwalabe. Ta ce in aka tabbatar irin ne, za a yi masa rajista da sunan Na'Allah. Ranar Namadi ya sa na rubuta masa sunan a kwali, ko da yake ba ya karatun boko, ya jefa a aljihu.

Sharaɗi ɗaya ne. Rabin gonar na gabas, inda aka kafa turaku masu jan fenti, kada a zuba masa taki, kada dabba ta kwana a ciki, har a sake ɗibar ƙasa kafin damina. Sau uku na karanta masa da Hausa, ya dangwala yatsa.

Ran 9 ga Fabrairu, 2023, na ɗauki Dakta a babur muka je dubawa. Tun daga hanya na ji kukan shanu. Garke guda ne kwance a tsakiyar turakun, an ma ɗaure maraƙi a ɗaya. Kashin shanu ya rufe ƙasa. Namadi na zaune a inuwa da wani makiyayi suna shan fura.

"Baba, mene ne wannan?" in ji Dakta.

"Shanun Lauwali na, ɗiyata. Daga Kebbe sunka taso. Ku zamna ku sha fura."

Na ce, "Malam Namadi, ba sau uku na karanta maka ba?"

"Ka karanta, Akawu, ba ni musu. Dabba kac ce. Ni na ɗauka bisashen mutane kaka nufi."

"Waɗannan na aljanu ne?"

Makiyayin, wato Lauwali, ya yi dariya har ya ƙware. Namadi bai yi ba. Ya ce uban Lauwali nan yake sauka zamanin Na'Allah. Su ci kara, su bar taki, a ba su damin gero in za su tashi. Shekara arba'in ba a fasa ba. Kuma gefen gabas ne masaukinsu, don can ne kusa da rijiya. "In ce mishi mi? Ya koma, jan icce ya hana?"

Dakta ta tsuguna ta ɗebi ƙasar a hannu, ta zubar. Ta ce yanzu halittun cikin shanu sun cakuɗe da na gonar, awon bara ba shi da abin gwadawa. Da ya gaya mana tun farko, da an kafa turakun a yamma. Na koma na duba takardar tambayoyin da na cike masa. An tambaye shi ko yana da shanu, ya ce a'a. Ba a tambaye shi ko yana da Lauwali ba.

Ta yi rubuce-rubuce wata biyu har masu tallafin suka yarda su ƙara shekara ɗaya. Amma tun da ba a san yanzu ina shanun suka taka ba, suka ce gonar gaba ɗaya za a killace rani biyu. Ran 14 ga Afrilu na kira Namadi ofis, na karanta masa sabuwar takardar, na buɗe masa tawada.

"Baɗi in kori Lauwali ke nan?" in ji shi.

"Rani biyu kaɗai, Baba," in ji Dakta. "Sunan mahaifinka fa."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya goge yatsansa a riga kamar zai dangwala, sai ya mayar da hannun cinya.

"Tsoho ba shi yarda a sayi sunanai da korar baƙo. Ku yi haƙuri."

Na ce masa gonakin Jabo nawa wuta-wuta ke ci, ya ce ya sani. Na ce Lauwali zai fahimta, ya ce shi ne ba zai fahimta ba. An mayar da binciken wata gona a Sanyinna, da irin wani manomi. Namadi ya yi mana sallama, ya tsaya a ƙofa ya tambaya ko jirgin zai riƙa biyowa ta Jabo, don ya saba da shi. Na ce a'a.