Faya-fayan da na shanya

Mijina tela ne a Magariya, zauren gidanmu shi ne shagonsa, kuma in ka cire keken ɗinki ba abin da yake ji da shi a duniya kamar garmahonsa da faya-fayai goma sha ɗaya. Na san yawansu don ni nake goge su. Garmahon ƙarami ne mai marfi, yana cin duwatsun tocila shida, waɗanda muke ce wa pil. Daga Kano ya zo da shi tun kafin a kawo ni gidan daga Guci, lokacin da gyaɗa take gyaɗa, manomi ya fito daga wurin awo ya zarce shagon tela ya ce a ɗinka wa gidansa kaf.

Waƙoƙin na baƙar fatar Amurka ne, sol suke ce musu. Shi ba ya jin Ingilishi, ni kuwa ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, bai amfane ni da komai ba a nan. Saboda haka da launin takardar da ke tsakiyar faifai muke kiran kowanne: mai ja, mai shuɗi, mai ruwan ɗorawa, haka dai.

Yana da aboki, malamin lakwal, dogo mai son musu, wanda kowa ke kira Mushe. Kullum bayan la'asar zai jingina kekensa a ƙofar zaure su ɗora daga inda suka tsaya jiya. Mushe na mai ja ne. A cikinsa ƙahoni ke tashi da ƙarfi, mawaƙin yana ihu sai ka ce kunama ta harbe shi, kuma a wurin Mushe wannan shi ne sol na asali. Mijina na mai shuɗi ne, wanda ba ya gudu ba ya jan ƙafa, da goge irin na Turawa a bayansa, da wani namiji mai siririyar murya.

"Wannan ai sukari suka zuba masa don Turawa su saya," in ji Mushe.

"To Mushe, fura in an sa mata sukari ta tashi daga fura?" in ji mijina, bakinsa cike da allurai. "Waƙar da ta fito daga unguwarsu ta shiga gidan kowa, har ta iso zauren tela a Magariya, ita ce ta cika waƙa. Naka ai faɗa yake yi da mutane."

Ni ba wanda ya tambaye ni, amma nawa shi ne mai ruwan ɗorawa. Mace ce take bayarwa, wasu mata suna amsa mata, daidai yadda muke yi a bakin turmi. Ban taɓa faɗa ba, sai dai na lura in ya ji na fara daka a tsakar gida shi yake ɗorawa, ya ƙara murya.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko muka ce jarrabawa ce za ta wuce, ta biyu ta zo ta fi ta. Gyaɗa ta ƙone a ƙasa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga arewa da shanun da ake ƙirga haƙarƙarinsu, wasu su faɗi a bakin gari ba su sake tashi ba. Ni da uwar mijina, wadda nake kira Inna, muka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Da aka fara rabon jar dawa ta taimako, Mushe ya karanta jikin buhun ya ce daga ƙasar mawaƙanmu ta zo. Ba wanda ya yi dariya. Ɗinki ya tsaya cak, don wanda bai ci ba ba ya tunanin riga. Pil suka mutu, ba a sake saye ba.

Awakina uku suka tafi kasuwa, kwanukan jerena suka bi su. Ranar da na cire na ƙarshe daga bango na tsaya a kan mijina na ce, "Kayana sun ƙare, saura naka. Faifai dai ba ya tuƙuwa." Ya ce in nuna masa mutum ɗaya a Magariya da zai taya su ko dala. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara ba ni haushi. Na kwana biyu ba na amsa masa magana sai da ka.

Bayan kakar da ba kaka ba, ya kwance kan keken ɗinkinsa ya naɗe a bargo, ya ce zai tsallaka Kano ya nemi aiki. Ya jera garmahon da faya-fayan a cikin adakar katako, ya kulle, ya sa mini mabuɗin a hannu.

"'Yar Guci, ga amanata," ya ce. Haka yake kirana in yana so in huce. "Kada ƙura ta shiga, kada yara su taɓa. Mushe ko kuka ya yi miki kada ki ba shi aro."

Na ce to. Na ɗaura mabuɗin a bakin zanena, kuma Allah ya sani na riƙe amanar nan yadda na iya. Wata bakwai ban bar ko Inna ta zauna kan adakar ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ruwa ya dawo. Shekara biyu ba wanda ya yi wa soronsa yaɓe a unguwarmu, don ba ruwan da za a ji wa tsoro. Da na farko mai ƙarfi ya sauko da asuba, rufin ɗakinmu ya buɗe baki daidai kan adakar. Kafin gari ya waye ruwan laka ya shiga ciki. Garmahon yana sama, marfinsa ya kare shi, amma kwalayen faya-fayan sun jiƙe sharkaf, hotunan mutanen nan masu tulin gashi duk sun manne da juna.

Inna ta leƙa ta ce, "Fitar da su ki shanya, 'yar nan, kafin su yi funfuna."

Ban yi musu ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. A garinmu duk abin da ya jiƙe rana ake ba. Hatsi, tufafi, tabarma, fata, har takardun malamai, ban taɓa ganin abin da rana ta ɓata ba sai shuka. Na zare su ɗaya-ɗaya daga kwalayen, na wanke lakar, na goge da gefen zanena. Na nemi wuri mafi tsabta a gidan, inda kaza ba za ta hau ba, na ga ba kamar tsohon kwanon rufin da ke kan garken awakina, wanda yanzu ba kowa a ciki. Na jera su a kai, goma sha ɗaya, baƙaƙe suna ƙyalli, har na ji daɗin aikina. Daga nan muka ɗauki iri muka tafi gona, don ranar duk mai ƙafa a Magariya yana wurin shuka.

Sai la'asar muka dawo. Tun daga ƙofa na ga ba yadda na bar su suke ba. Kowanne ya lanƙwashe, wani ya tashi ta gefe ɗaya, wani ya bi ramukan kwanon ya ɗauki siffarsu, kamar ƙirgin da aka shanya ba a kafe shi ba. Na taɓa ɗaya ya ƙone mini yatsa. Na zauna a ƙasa da ƙwaryar iri a hannuna, na kasa kuka.

Na yi ƙoƙarin gyara. Na danne mai ja da dutsen niƙa, da safe na tarar ya rabe biyu. Garin gyaran gira na rasa ido. Sauran na sa su ƙarƙashin shimfiɗa na kwanta a kai sati guda, ba abin da ya canza.

Inna ta ce, "Mayar ki kulle, ki yi shiru. In ya dawo ya tarar da gero a rumbu, wa zai tuna da waɗannan tarkacen?" Na san ba ta san ɗanta ba a nan wurin, amma na bi maganarta, don ita ce mai sauƙi.

Gero ya yi kyau a shekarar. Ana cikin girbi mijina ya dawo a bayan wata babbar mota, ba keken ɗinki, ba bargo. Na ga mutum yana dafa bango yana shigowa zaure, sai da ya yi magana na tabbata shi ne. Tari yake yi mai fitowa daga can ƙasa. A likita suka ce tarin fuka ne kuma ya daɗe a jikinsa, suka fara yi masa allura. Muka shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda keken yake a da, don ya ce a nan yake samun iska.

Kwana biyu da zuwansa ya ce, "'Yar Guci, ɗauko mini mai shuɗi. Wata goma sha ɗaya shi nake ji a kaina."

Na ce babu pil a gidan. Ya ce a nemo. Na fita na zagaya na dawo na ce duk kantunan sun ƙare. Bayan kwana huɗu na ce an samu amma matattu ne. Da wannan ta tsufa na ce mabuɗin ya ɓace a gona, alhali yana ɗaure a ƙuguna, ina jin sanyinsa ina maganar. Ya ce a kira maƙeri, na ce maƙerin ya tafi Guci biki. Ni da ban iya ƙarya ba tun ina yarinya, na zama gwana. Ina gaya wa kaina jira nake ya ɗan samu ƙarfi. Tsoro ne kawai, ba wani jira.

Kowace safiya in na kawo masa kunu sai ya ɗaga kai ya ce, "Yau fa?" In ce sai dai gobe. Wani lokaci ina tsakar gida in ji yana bin waƙar da hanci, a hankali, har tari ya katse shi. Haka muka yi kwana ashirin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mushe ya shigo da ƙunshin takarda, yana washe baki. Ya je Damagaram karɓar kayan lakwal, ya sayo pil shida sababbi.

"Madan, kawo mana kayan aiki," ya ce. "In mabuɗi ne babu, ga guduma. Yau sai na nuna wa mijinki mai ja ya fi."

Na juya neman Inna, na hangi bayanta tana ficewa gidan maƙwabta. Na shiga ɗaki na kwance mabuɗin na buɗe adakar. Na ɗauko garmahon na kai, na koma na kwaso faya-fayan a cikin zanena, na durƙusa na zube su a gaban tabarmarsa.

Mushe ya yi salati. Ya ɗauki ɓarin mai ja yana juya shi. "Wuta ce?"

"Rana ce," na ce. "Ruwa ya shiga, na shanya su."

Ya buɗe baki zai yi mini bayanin abin da zafi ke yi wa roba, mijina ya ɗaga masa hannu. Ya laluba cikin tarin ya zaro mai shuɗi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce a sa pil. Da kansa ya ɗora allurar. Faifan ya fara juyawa yana hawa yana sauka, gogen ya fito a karkace, muryar mutumin ta ja ta yi ƙasa kamar mai nishi, ta tashi, ta tsallake, ta koma baya ta maimaita wuri ɗaya. Mushe ya miƙa hannu zai tsayar, mijina ya ce a bari. Muka zauna mu uku muna saurare har allurar ta zame ta faɗa gefe.

Mushe ya ce bari ya je ya dawo, ya fita ya bar kekensa a jingine.

Na jira faɗa. Wallahi da mijina ya zage ni, ko ya ce in tattara in koma Guci, da na ji sauƙi. Ya rufe marfin garmahon ya koma ya kwanta, ya ce, "Ban gaya miki maganar rana ba. Wannan laifina ne." Ya yi tari mai tsawo, na miƙa masa ruwa ya sha. Sai ya dube ni ya ce, "Amma da kin faɗa mini ranar da na zo, da ban yi kwana ashirin ina jira ba. Kin ga kwanakin ba su da yawa a hannuna."

Ya ƙara kwana tara a duniya. Bai ɗaga mini murya ba, bai juya mini baya ba, abin da na dafa ya ci gwargwadon yadda zai iya. Da safe in na shiga da kunu sai ya ce sannu, ya karɓa da hannu biyu. Bai sake tambayata komai ba.