Baaba Mai Salatif Ta Ce a Sake

Kafin kowa ya buɗe ofis, Baaba Mai Salatif ta riga ta sa farar riga, ta zauna gaban madubin ƙara girma a ɗakin gwaji na jami'a. Shekara ashirin da shida aikinta ke nan: ta manna salatif a kan ɗan dutse mai hawa-hawa kamar albasa, ta ɓare, ta sake mannawa, ta sake ɓarewa, har ya rage ɓawo ɗaya tal wanda ido ba ya gani. Shi ake jona wa wayoyin zinari, a kai shi gaban maganaɗisu, a auna yadda lantarki ke ratsa shi da yadda ƙwayoyinsa ke juyawa. Manya su rubuta takardar bincike, ita ta goge tebur.

Ɗalibai har gobe suna ba da labarin ranar da na'ura ta nuna abin da Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya shekara biyar yana nema, wai ɓawon ya riƙe alamar wutar da ta bi ta cikinsa ko bayan an kashe. Ana ta tafi. Baaba ta leƙa madubi ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɓawon ya sha iska, ga danƙon salatif a gefensa. Ni na ɓare shi, na san halinsa. A sake."

Farfesa ya miƙo mata biro ya ce, "Baaba, ke da ko digiri ba ki da shi? Ki sa hannu cewa lafiyarsa lau, ko ƙarshen wata ki nemi wani aikin."

Ga 'ya'ya uku a makaranta, ga maigida a kwance. Ta ajiye biro. "Aikin naka ne, hannun nawa ne."

Wata uku tana ɓare sababbi ana aunawa, takardar sallamarta na kan teburin Farfesa. Alamar nan ta ɓace ɓat, ashe danƙo ne ya yaudare su! A ɓawo na arba'in da ɗaya ta gaskiyar ta fito, ƙarama amma ba ta gushewa. Takardar binciken ta fita da sunaye tara. Nata? Ko a ƙasan shafi babu. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Baaba, ke ce kika tsare mutuncin mutum tara a bakin aikinki, ba wanda ya ce miki sannu. To, yau da kike ajiye farar riga, mu mun ce: sannu, Baaba, Allah Ya saka. Ku kuma masu tasowa, ranar da aka miƙo muku biro a kan abin da kuka san ba daidai ba ne, ku ajiye shi. Baaba ta ajiye, kuma ga ta nan da ranta.